Shin Gari Zai Iya Dumama Gine-ginensa da Sanyaya Su Ba Tare da Kwal da Gas Ba?

Tambayar da aka aiko tana da rassa biyu. Na farko, ana ta maganar cewa birane za su daina ƙona kwal da mai da iskar gas wajen dumama gine-gine a lokacin sanyi da sanyaya su a lokacin zafi, su koma tsarin bai ɗaya mai aiki da makamashi mai sabuntawa, to shin abin mai yiwuwa ne ko kuwa fatar baki ce kawai? Na biyu, idan har mai yiwuwa ne, me ya sa ba za a bar kowane gida ya sayi na'urarsa a huta da haƙar titi ba?

Malam mai tambaya, abin mai yiwuwa ne, domin akwai garuruwan da suka riga suka yi nisa a kansa, kuma zan kawo maka su da sunayensu. Sai dai ba ko'ina ya dace da shi ba, kuma wahalarsa ba a inda aka fi zato take ba. Yawancin masu tambaya hankalinsu yana kan inda za a samo zafin, ko daga rana, ko daga cikin ƙasa, ko daga teku. A ganina wannan ɓangaren ya fi sauƙi. Abubuwan da ke yanke hukunci su ne bututun da aka binne a ƙarƙashin titi, da ma'aunin zafin ruwan da ke gudana a cikinsa, da kuma wanda ke riƙe da ikon sa farashi.

A tsarin bai ɗaya, maimakon kowane gini ya ajiye tukunyarsa ta dumama ruwa mai aiki da gas ko na'urarsa ta sanyaya ɗaki, ana dumama ruwa ko sanyaya shi a tasha ɗaya ko tashoshi kaɗan, a tura shi ta bututu biyu da ke kwance gefe da gefe a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya na kaiwa, ɗaya na dawowa. Idan ka sauka ɗakin ƙasa na benen da ke kan irin wannan tsari, ba za ka ga harshen wuta ba, ba za ka ji warin hayaƙi ba. Za ka ga bututu biyu sun huda bango sun shigo, an naɗe su da kumfar roba mai hana zafi fita, sun shiga wani akwati na faya-fayen ƙarfe sirara da aka jera a matse. Ruwan tasha yana bin fuska ɗaya ta kowane faifai, ruwan ginin yana bin ɗaya fuskar, ba sa taɓa cakuɗuwa, zafi kaɗai ke ratsa ƙarfen. A gefen akwatin akwai ƙaramar na'urar awo da ke ƙidaya yawan ruwan da ya wuce da bambancin zafinsa tsakanin shiga da fita, kuma da wannan lissafi ake rubuta wa mai gida takardar biya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1877 wani injiniya mai suna Birdsill Holly ya fara sayar da tururi ta bututu ga gine-ginen garin Lockport a Amurka, kuma tun 1882 ake tura tururi a ƙarƙashin titunan Manhattan har zuwa yau. Saboda haka ya kamata a guji kuskuren da ake yawan yi na ɗaukar cewa duk tsarin bai ɗaya tsarkakakke ne. Bisa alƙaluman Hukumar Makamashi ta Ƙasa da Ƙasa, kusan kashi 90 cikin 100 na zafin da ake rabawa ta bututu a duniya daga kwal da gas da mai yake fitowa, musamman a Sin da Rasha inda manyan tsare-tsaren suke. Bututu ba ya tambayar abin da aka ƙona. Amfaninsa shi ne, gari mai tukwanen gas dubu hamsin sai an shiga gida dubu hamsin an shawo kan masu su kafin a sauya komai, amma gari mai bututu yana iya sauya abin da ke dumama gidajen duka ta hanyar aiki a tasha ɗaya, mazauna ba su ma san an yi ba. Kuma batun ba ƙarami ba ne, domin idan aka haɗa na gidaje da na masana'antu, samar da zafi yana cin kusan rabin makamashin da duniya ke amfani da shi, fiye da sufuri, fiye kuma da wutar lantarki.

Ƙasar da ta fi nuna wannan a aikace ita ce Danmak. Lokacin da farashin mai ya tashi a 1973, sama da kashi 90 cikin 100 na makamashinta mai ne da ake shigowa da shi daga waje, har ta kai gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi a hunturun wannan shekara. A 1979 aka yi dokar samar da zafi, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin zana taswira su tantance unguwar da za ta shiga bututun ruwan zafi da wadda za ta karɓi gas. Da farko zafin da tashoshin lantarki masu ƙona kwal ke zubarwa a teku aka kama aka tura gidaje, domin tasha mai samar da lantarki kaɗai tana asarar fiye da rabin ƙarfin abin da ta ƙona. Daga baya aka koma gas da shara da itace, yanzu kuma ana komawa rana da manyan injuna masu aiki da lantarkin iska. An sauya tushen zafi sau da dama a cikin shekara hamsin, amma hanyar bututu tana nan inda aka shimfiɗa ta. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen Danmak suna kan wannan tsari, a Kopanhagan kuma adadin ya kai kimanin kashi 98 cikin 100.

To daga ina zafin zai fito idan aka kashe wuta? Inda ƙasa ta yi wa gari alheri, daga cikinta. Babban birnin Aislan ya fara tura ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa zuwa gine-gine a 1930, kuma yau kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen ƙasar da shi ake dumama su. Ba sai ƙasa mai duwatsun aman wuta irin Aislan ba: a yankin Paris ana haƙa rijiyoyi masu zurfin mita 1,500 zuwa 2,000 a tarar da ruwa mai zafin digiri 55 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyos, a ɗebe zafinsa, a mayar da ruwan ta rijiya ta biyu, kuma tun 1969 ake haka a garin Melun. Haɗarin wannan hanya na kuɗi ne tun farko, domin ana iya kashe dukiya mai yawa a haƙa a tarar ruwan bai kai yadda aka zata ba. Akwai kuma haɗarin girgizar ƙasa idan aka fasa dutse da ƙarfin ruwa, kamar yadda ya faru a Basel ta Suwizalan a 2006 har aka dakatar da aikin.

Amma hanyar da ta fi shafar yawancin garuruwa ita ce babban injin janyo zafi, kuma ya dace a tsaya a kansa. Injin nan irin wanda ke cikin firij ne, wanda ke kwashe zafi daga cikin akwati ya zubar a bayansa, shi ya sa bayan firij ke da ɗumi. Ruwan teku mai digiri 8 yana da sanyi a hannu, amma akwai zafi a cikinsa. Ana ratsa shi kusa da wani sinadari mai tafasa a ƙaramin zafi, sinadarin ya sha zafin ruwan ya zama tururi, inji ya matse tururin har zafinsa ya haura, sannan ya miƙa wannan zafi ga ruwan gari. Lantarkin da ake kashewa na matsewa ne kawai, shi ya sa awo ɗaya na lantarki kan fitar da awo uku zuwa huɗu na zafi. A garin Drammen na Norwe, tun 2011 ake janyo zafi daga ruwan mashigin teku da injin amoniya, a fitar da ruwa mai digiri 90. A Mannheim ta Jamus an ƙaddamar da inji mai megawat 20 a bakin kogin Rhine a 2023. A Esbjerg ta Danmak, inji mai megawat 70 da ke jan zafi daga teku ya shiga cikin abubuwan da suka maye gurbin tashar kwal ta garin. Helsinki kuwa tun 2006 take da tashar Katri Vala a cikin dutse ƙarƙashin wani lambun shaƙatawa, tana jan zafi daga ruwan ƙazantar birnin bayan an tace shi, kuma birnin ya rufe tashar kwal ta Hanasaari a 2023, ya rufe ta Salmisaari a watan Afrilun 2025.

Da zarar gari ya mallaki bututu da irin wannan inji, sai a lura cewa zafi yana zuba a banza ta ko'ina. A Odense ana kama zafin da kwamfutocin cibiyar adana bayanai ta kamfanin Meta ke fitarwa a dumama dubban gidaje. A unguwar Islington ta Landan, tun 2020 ake jan iskar ɗumi da ke fitowa daga ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa. A Heerlen ta Holan, tsoffin ramukan haƙar kwal da ruwa ya cika su ne suka zama tushen ɗumi da sanyi tun 2008. A nan amsar reshe na biyu na tambayarka ta fara fitowa. Mai gida ɗaya ba zai haƙa rijiyar mita 2,000 ba, ba zai ja bututu zuwa teku ba, ba kuma zai ƙulla yarjejeniya da masana'anta a kan zafin da take zubarwa ba. Waɗannan albarkatu sai jama'a sun haɗa kai suke kaiwa gare su.

Haka ma ajiyar zafi. Matsalar rana ita ce tana bayar da zafi a lokacin da ba a buƙatarsa, ta janye a lokacin da ake nemansa. A ƙarshen 2016 garin Silkeborg ya buɗe filin faya-fayen kama zafin rana mai faɗin sama da murabba'in mita 156,000, amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ƙaramin garin Vojens ya yi a 2015. Sun ɗauki tsohon ramin ɗiban tsakuwa, suka shimfiɗa masa leda mai kauri daga gindi har baki, suka cika shi da ruwa kimanin kubik mita 200,000, suka rufe samansa da murfi mai hana zafi fita wanda ke yawo a kan ruwan. Wanda ya tsaya a bakinsa fili kawai zai gani shimfiɗe, alhali a ƙarƙashinsa ruwan sama-sama yana da zafin da zai ƙona hannu, na gindi kuma ya fi sanyi, domin ruwan zafi ya fi sauƙin nauyi, yana zama a sama ba tare da an raba su da komai ba. Duk bazara ana cusa zafi, idan sanyi ya shigo a riƙa ɗiba. Lissafinsa mai sauƙi ne: kubik mita ɗaya na ruwa yana riƙe kilowat-awa 1.16 a kan kowane digiri, saboda haka idan aka ɗauka bambancin digiri 40 ake amfani da shi, ramin yana ɗauke da sama da kilowat-awa miliyan 9. Ajiye wannan adadi a batir zai ci kuɗi ninki-ba-ninki. Abin lura kuma, gwargwadon girman ma'ajiya gwargwadon ƙanƙantar faɗin jikinta inda zafi ke fita, idan aka gwada da abin da ke cikinta, shi ya sa tankin gida ke hucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ramin gari kuma ya riƙe zafi watanni. Ko tankin ƙarfe na kwana ɗaya ma yana da babban amfani, domin yana ba tasha damar kunna injuna lokacin da iska ke kaɗawa lantarki ya yi araha, ta kashe su lokacin da ya yi tsada.

Game da ƙona itace da shara, ra'ayina shi ne gada ce, ba masauki ba. Manyan tashoshin Danmak da dama sun bar kwal ne ta hanyar komawa dunƙulen garin katako, kuma mafi yawansa shigo da shi ake yi daga wasu ƙasashe. A takarda ana lissafa shi cikin makamashi mai sabuntawa, amma hayaƙin yana fita yau, bishiyar da za ta shanye shi kuma sai ta yi shekaru da dama tana girma. Ragowar masana'antar katako da tattakar gona da ke kusa da gari babu laifi a yi amfani da su. Amma duk tsarin da ya dogara da jiragen ruwa masu ɗauko itace daga nesa, tsugune ba ta ƙare masa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato zafin ruwan da ke cikin bututu. Tsare-tsaren farko tururi suke turawa. Waɗanda suka biyo baya sun koma ruwa mai zafin sama da digiri 100 da ake riƙewa da matsi. Daga shekarun 1970 aka sauko ƙasa da digiri 100, yanzu kuma abin da masana irin su Farfesa Henrik Lund na Jami'ar Aalborg suka kira zango na huɗu yana nufin tura ruwa mai digiri 50 zuwa 60, ya dawo a wajen 25 zuwa 30. Wutar kwal ba ta damu da wannan ba, tana iya kai ruwa kowane mataki. Amma duk tushen da na lissafa a sama ya damu ƙwarai. Injin janyo zafi da zai ɗaga ruwa daga digiri 10 zuwa 55 yana iya bayar da kusan ninki huɗu na lantarkin da ya ci, wanda zai kai shi 90 kuma da ƙyar ya wuce ninki uku. Faifan rana yana kama zafi fiye idan ruwan da ke shigarsa mai sanyi ne. Rijiyar da ke bayar da digiri 65 ta wadatar ga tsarin digiri 55 kai tsaye, amma ba ta isa tsarin digiri 90 ba sai an ƙara mata wani abu. Asarar zafi a hanya ma, wadda a tsare-tsare da yawa take cin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, tana raguwa idan ruwan bai yi zafi sosai ba.

Sauko da zafin ruwa kuwa aikin cikin gine-gine ne, ba na tasha ba. Dole gini ya iya ɗumama da ruwan digiri 55 a ranar da ta fi sanyi, wanda ke nufin a toshe inda iska ke shiga, a gyara tagogi da rufi, a wasu ɗakunan a sa faifan dumama mai faɗi. Sau da yawa ma ba babban gyara ake buƙata ba. Ana samun bawul guda da ya maƙale a buɗe a ɗakin ƙasa na wani bene, ruwa yana shiga yana fita bai sauke zafinsa ba, ya dawo tasha da ɗumi, kuma 'yan gine-gine kaɗan irin wannan suna iya tilasta wa gari duka ya riƙe zafi a sama. Shi ya sa kamfanonin da suka san aikinsu ke bibiyar na'urorin awo gida-gida, wasu har suna rage wa mai gida kuɗi idan ruwansa ya dawo da sanyi, su ƙara masa idan ya dawo da ɗumi. Akwai iyaka guda da ba a wasa da ita: ruwan wanka da aka tara a tanki yana buƙatar ya kai digiri 55 zuwa 60 saboda ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa ciwon huhu, wadda ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Maganin shi ne a dumama ruwan wanka nan take ba tare da tara shi ba, ko a ƙara masa zafi da ƙaramin inji a cikin ginin.

Sanyaya kuma ita ce buƙatar da ke girma da sauri. A rahotonta na 2018, Hukumar Makamashi ta Ƙasa da Ƙasa ta ƙiyasta cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su ƙaru daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050. Kowace na'ura da ke rataye a bango tana fesa zafi a titi, wanda ke ƙara wa birni zafi, maƙwabci kuma ya ƙara ƙure tasa. Dukkansu suna jan wuta a lokaci guda, sa'annan sinadarin da ke cikinsu idan ya tsiyaye yana dumama sararin samaniya fiye da hayaƙin kwal sau ɗaruruwa ko dubbai, abin da ya sa aka yi yarjejeniyar Kigali a 2016 don rage shi. Tasha ɗaya mai manyan injuna ta fi ƙananan na'urori tsimin wuta, ana kula da sinadarinta a wuri guda, kuma ba ta buƙatar ƙarfin da ya kai jimillar na'urorin da ta maye gurbinsu, domin ofis da otal da gidan kwana ba sa kai ƙololuwar buƙatarsu a sa'a ɗaya. Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina da irin wannan tsari ake sanyaya shi, daga tasha mai nisan kimanin kilomita 7, kuma Dubai da Katar da Singafo sun gina manyan tsare-tsare a sababbin unguwanninsu.

Inda akwai ruwa mai sanyi a kusa, aikin injin ma yakan ragu sosai. A 2004 birnin Toronto ya fara jan ruwa daga tafkin Ontario ta bututu uku da suka shiga kilomita 5 cikin tafkin zuwa zurfin mita 83, inda ruwan ke zama a digiri 4 duk shekara, domin a wannan mataki ruwa ya fi nauyi, sai ya kwanta a gindi. Ana ɗebe sanyinsa a ba gine-ginen tsakiyar birni, ruwan kuma ya wuce ya zama ruwan sha na birnin. Paris tana da tsarin sanyaya tun 1991 wanda ke amfani da kogin Seine, kuma gidan tarihi na Louvre yana cikin masu shan sanyinsa. Inda ake buƙatar ɗumi da sanyi a lokaci guda, riba biyu ake ci, domin zafin da aka kwashe daga ofisoshi da cibiyoyin kwamfuta shi ake turawa ruwan wankan gidaje, kamar yadda tashar Katri Vala ke yi da inji ɗaya.

A ƙasashe masu zafi da ba su da tafki mai zurfi, ya kamata a faɗi gaskiya: tsarin bai ɗaya yana rage cin wuta, amma tsarkinsa daidai yake da tsarkin lantarkin da ke juya injunansa. Abin farin ciki shi ne zafi da hasken rana tare suke zuwa. Ana iya kunna injuna da tsakar rana da lantarkin faifan rana, a tara ruwan sanyi a babban tanki ko a daskarar da ƙanƙara, a riƙa saki da yamma da dare lokacin da rana ta faɗi amma bango yana ci gaba da fitar da zafi. Sai dai akwai ƙalubale biyu. Ruwan sanyi yana fita a wajen digiri 5 ko 6 ya dawo a 13 zuwa 15, wato bambancin bai wuce digiri 10 ba, alhali na dumama yakan kai 30 zuwa 40, saboda haka ana buƙatar ruwa mai yawa da bututu masu faɗi, kuɗi kuma ya ƙaru. Na biyu, hasumiyar huce injuna tana shan ruwa mai yawa, shi ya sa a yankunan hamada ake komawa ga ruwan ƙazanta da aka tace ko ruwan teku.

Duk da haka, akwai inda hujjarka ta barin kowa da na'urarsa ta fi ƙarfi. Kuɗin tsarin bai ɗaya a haƙa da bututu yake, saboda haka abin da ake aunawa shi ne yawan zafi ko sanyin da za a sayar a kan kowace mita ta bututu. Tsakiyar birni mai benaye da asibitoci da makarantu a cunkushe ya dace. Gidaje warwatse masu manyan filaye a tsakaninsu ba su dace ba, kuma a can ƙaramin injin janyo zafi na gida shi ne daidai, ban ga dalilin tilasta musu bututu ba. Ƙanƙanta ma tana da nata haɗari. Unguwar Drake Landing a lardin Alberta na Kanada, mai gidaje 52, ta fara aiki a 2007 da zafin rana da ake ajiyewa a rijiyoyi 144 cikin ƙasa, har a hunturun 2015 zuwa 2016 ta dumama ɗakunanta gaba ɗaya da rana. A fannin fasaha ta yi abin a yaba. Amma da kayan suka tsufa, gyara ya fi ƙarfin gidaje 52, kuma a 2024 aka shiga shirin rufe tsarin. Wanda zai gina irin wannan dole ya lissafa kuɗin sauya kayan aiki bayan shekara ashirin tun ranar farko.

Saura batun amana. Gidan da ya shiga bututu ya cire tukunyarsa, ba shi da wani mai sayarwa da zai koma wurinsa idan aka tsawwala masa farashi. Danmak ta magance wannan da ƙa'idar cewa farashin zafi ba zai wuce kuɗin da aka kashe wajen samar da shi ba, kuma yawancin kamfanonin mallakar ƙananan hukumomi ne ko ƙungiyoyin gama kai na masu amfani da zafin. Ba lallai kowace ƙasa ta kwafi wannan ba, amma dole a sami hukuma mai duba littattafan kamfani, da farashin da ake bugawa a fili, da hanyar kai ƙara. Inda aka rasa waɗannan, mutane kan ƙi shiga, kuma bututun da aka shimfiɗa don gida dubu amma ɗari uku suka shiga yana jefa waɗannan ɗari ukun cikin tsada. Tunda kusan duk kuɗin a farko ake kashe shi, bututun kuma yana iya yin shekara arba'in zuwa hamsin, bashi mai dogon zango da sauƙin sharuɗɗa yana tasiri a kan farashi fiye da nau'in injin da aka saya.

Shi ya sa tsari ke gaba da haƙa. Dokar Jamus da ta fara aiki a watan Janairun 2024 ta wajabta wa birane masu mutane sama da 100,000 su kammala taswirar zafinsu zuwa tsakiyar 2026, ƙananan garuruwa kuma zuwa tsakiyar 2028. Hikimar ita ce mai gidan da tukunyarsa ta lalace bana ya san ko bututu zai zo titinsa ko ba zai zo ba, domin idan ya sayi sabuwar tukunyar gas, an rasa shi na shekara goma sha biyar ko ashirin. Garin da zai fara ya kamata ya nemi manyan masu amfani da za su sa hannu tun farko, irin su asibiti da jami'a da gine-ginen gwamnati, ya haɗa haƙar bututu da lokacin gyaran titi ko bututun ruwan sha, ya kuma zaɓi girman bututun da zai yi aiki da ruwa mai ƙaramin zafi ko da tushen farko bai gama tsarkaka ba.

Game da kwanakin tsananin sanyi, waɗanda ba su da yawa a shekara amma buƙatarsu ta ninka ta sauran kwanaki, ba hikima ba ce a sayi injin janyo zafi mai tsada don ya yi aikin mako biyu. Injin da ƙarfinsa bai wuce rabin buƙatar ranar da ta fi sanyi ba yakan ɗauki mafi yawan zafin shekara, ragowar kuma a cike shi da ma'ajiyar ruwa da tukunyar lantarki, wadda ke da arahar saye. Garuruwa da yawa suna barin tsohuwar tukunyar gas ko ta mai a tsaye saboda waɗannan kwanaki da kuma ranar da babban inji ya tsaya. Ban ga aibu a wannan ba, muddin ana buga yawan awannin da ta yi aiki a rahoton kowace shekara, adadin yana raguwa, kuma an rubuta shekarar da za a kashe ta baki ɗaya.